Kujera da gado masu injin tokare ƙugu: me ke cikinsu, kuma suna raba mutum da ciwon baya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 52, aikina na zaman ofis ne, kuma ina yawan doguwar tafiya a mota. Kusan shekara 3 ke nan ƙuguna yana damuna, musamman in na daɗe a zaune. In zan tashi sai na dafa teburi kafin in miƙe sosai. Na ga ana tallar kujera da gado waɗanda in ka danna madanni sai wani abu ya turo daga ciki ya tokare maka baya. Me ke cikinsu? An ce wasu da iska suke aiki, wasu da ƙarfe, wanne ya fi? In na saya, ciwon zai tafi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe don kada ka kashe kuɗi a kan zato: injin nan ba magani ba ne. Amfaninsa ɗaya ne, kuma babba ne, wato yana ba ka damar kai tokarin daidai inda bayanka yake buƙata, sannan ka riƙa sauya shi ba tare da ka tashi ba. Ga mai irin ciwonka, wanda zama ke tayarwa, wannan kan kawo sauƙi na gaske. Amma ba kai kaɗai ba ne a wannan hali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a shekarar 2020, kuma a shawarwarin da ta fitar a 2023 kan ciwon da ya daɗe, motsa jiki na cikin abubuwan da ta sa a gaba.

Tashi ka jingina da bango, ka zura tafin hannunka a bayan ƙugunka. Za ka ji akwai ɗan rami inda bayan bai taɓa bangon ba. Haka aka halicci wurin. Gaɓoɓi 5 ne na ƙashin baya a nan, likitoci na kiran su L1 zuwa L5, sun lanƙwaso gaba wajen ciki, kuma tsakanin kowace gaɓa da ta ƙasanta akwai faifan guringuntsi mai ɗaukar nauyi. Da zarar ka zauna, ƙashin kwatangwalo sai ya mirgina baya, ramin nan ya baje. In ka ƙara da sunkuyawa kan kwamfuta, sai ya juye ya zama ƙusumbi. A 1999 wani masani a Jamus, Hans-Joachim Wilke, ya auna matsin da ke cikin faifan da ke tsakanin L4 da L5 a jikin mutum ɗaya mai lafiya. Kwance rigingine matsin ya tsaya a 0.1 a ma'aunin matsi da ake kira megafaskal, a tsaye 0.5, a zaune ba jingina 0.46, amma da mutumin ya sunkuya gaba sosai yana zaune sai ya haura 0.83. Mutum ɗaya ne, kada a ɗora wa awon abin da ya fi ƙarfinsa, sai dai ya nuna cewa sunkuyon ya fi zaman kansa laifi. Tun kafin nan, a 1974, wasu masana a Suwidin, Andersson da Nachemson, sun nuna cewa kwantar da majinginar kujera baya kaɗan, tare da sa tokari a ƙugu, yana rage wannan matsi. Duk injinan da ake tallatawa, cike wancan ramin suke nema.

To me ke ciki?

In ka kwance murfin bayan kujerar mota mai irin wannan tsari, abin da za ka fara gani shi ne wani faranti na roba mai tauri ko na siraran ƙarafa, kamar haƙarƙari, rataye a jikin firam. A gefe akwai ɗan inji wanda bai fi dunƙulen hannu ba, yana aiki da bolt 12 na batirin motar. Daga jikinsa wata waya ta fito a cikin kwasfa, irin wayar birkin keke sak. In ka danna madanni, injin ya naɗe wayar, wayar ta jawo saman farantin da ƙasansa su kusanci juna, sai tsakiyarsa ya bankaro gaba kamar baka. Wannan bankarowar ce kake ji a bayanka. Akwai mai hanya 2, wanda shiga da fita kawai yake yi. Akwai mai hanya 4, wanda aka ƙara masa inji na biyu da ke jan farantin sama ko ƙasa.

Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne giyar da ke bakin injin. Injin kansa gudu gare shi, ba ƙarfi. Sai aka sa masa ɗan sukuru a baki, sukurun yana cizon haƙoran wani faifai. Sai sukurun ya zagaya sau da yawa kafin faifan ya zagaya sau ɗaya, ta haka gudu ke komawa ƙarfi. Kuma an yanka zaren sukurun ta yadda shi ne ke iya juya faifan, faifan ba ya iya juya shi. Shi ya sa in ka saki madanni tokarin ke tsayawa cak a inda ka bar shi, ko ka jingina da dukkan nauyinka, kuma ba ya cin wuta yana tsaye.

Na iska kuwa jakunkuna ne na roba, 1 zuwa 3 galibi, jere a bayan soso, da ɗan famfo, da siraran tiyo, da bawul masu buɗewa da rufewa da lantarki. Famfo ya hura, bawul ya tsare iskar. In jakunkunan 2 ne ko 3, hura ta sama a sace ta ƙasa shi ke sa ka ji kamar tudun ya hau, alhali ba abin da ya gusa daga wurinsa. Kujerun da ake cewa suna tausa, da yawansu wannan dabarar ce, ana hurawa ana sacewa bi da bi.

Wanne ya fi? Iska ta fi taushi, tana bin siffar baya, ba ta da nauyi. Rauninta yoyo: tiyo ya tsage ko ya zame daga bakinsa, sai ka ji famfo na gurnani amma baya bai ji komai ba, ko ka hura da safe kafin rana ta yi tsaka ya sace. Na waya da faranti ya fi riƙe matsayinsa, amma wasu kan ji shi da tauri, kuma in ya tsufa waya kan tsinke ko haƙoran giya su cinye. Na taɓa buɗe wata kujera da mai ita ya ce injin na kuka amma ba motsi. Faifan giyar farar roba ce, haƙora huɗu ko biyar sun gutsure a wuri ɗaya, garinsu ya cakuɗe da giris ya zama kamar ƙullu. Mai kujerar ya saba danne madanni bayan tokarin ya kai ƙarshe, yana neman ƙari. A ganina tambayar iska ko ƙarfe ba ita ce ta farko ba. Ta farko ita ce: yana hawa yana sauka? Tsawon baya ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma tokarin da ya sauka a inda bai dace ba, ya fi rashinsa cutarwa. In ya yi ƙasa, sai ya tura mazaunai gaba ka zame. In ya yi sama, sai ya tokari haƙarƙari ya bar ramin a buɗe. Mai hanya 4 na iska ya fi mai hanya 2 na ƙarfe, haka mai hanya 4 na ƙarfe ya fi mai hanya 2 na iska.

Ga yadda za ka saita. Ka tura mazaunanka can ƙuryar kujera tukuna, domin in akwai tazara a nan duk sauran aikin banza ne. Ka kwantar da majingina kaɗan, digiri 100 zuwa 110 tsakanin cinya da gangar jiki. Ka sace tokarin gaba ɗaya. Sai ka laluba saman ƙashin kwatangwalonka ta gefe biyu, layin da ya haɗa su ta baya yana ratsa wajen L4, kusa da daidai cibiya. Nan ko ɗan sama kaɗan za ka kai tudun. Daga nan ka riƙa turo shi a hankali har ka ji ramin ya cika, ka tsaya. Kuskuren da na fi gani shi ne turowa har ƙarshe, wai don a ji aikin kuɗi. In bayan minti 10 hankalinka na kan tudun, ya yi yawa, rage shi. Kuma a doguwar tafiya ka riƙa ɗan ƙarawa da ragewa lokaci-lokaci, nan ne mai inji ya yi wa matashin jingina zarra. Duk da haka ka tsaya ka taka ƙasa. Faifan guringuntsin nan kusan ba shi da hanyoyin jini a cikinsa, da matsawa da sakewa yake samun abin da ke ciyar da shi, motsi kuwa ba kujerar da za ta yi maka.

Gado labarinsa daban. Asalinsa daga asibiti ne: wani likitan tiyata a Amurka, Willis Gatch, shi ya fito da gado mai sassa 3 da ake ɗagawa a wajen 1909, da hannu ake murɗa shi. Na yau inji ne ke murɗawar. A ƙarƙashinsa akwai abin da zan kira jak na lantarki: inji, da irin giyar can, da dogon sukuru wanda noti ke hawa a kansa. Sukuru ya juya, noti ya yi gaba, ya tura sanda, sanda ta ɗaga sashen gadon. Ana sauke wutar gida ta wata ƙaramar taransfoma zuwa bolt 24 ko 29, kuma a ƙarshen tafiyar sandar ta kowane ɓangare akwai makunnin da ke yanke wuta da kansa. Kamfanoni irin su Linak na Denmak da DewertOkin na Jamus sun shahara da ƙera waɗannan. Irinsu ne kuma a cikin manyan kujerun falo masu kwanciya. Gado mai inji 2 yana ɗaga kai da ƙafa. Wanda ake ce wa mai tokarin ƙugu an ƙara masa na 3, da ke turo wani ƙarfe a gicciye ƙarƙashin katifa.

A nan zan ba ka ra'ayina kai tsaye: a gado, ɗaga gwiwa ya fi wannan ƙarfen amfani. In kana rigingine aka ɗan ɗaga gwiwoyinka, tsokokin da suka taso daga ƙugu zuwa cinya suna saki, ƙugu ya huta. Yanayin da 'yan talla ke kira kwanciyar rashin nauyi ke nan, sun aro shi daga awon da hukumar NASA ta yi wa 'yan sama jannati a tashar Skylab cikin shekarun 1970, inda jiki in ya saki kan tsaya da kusan digiri 128 tsakanin cinya da gangar jiki. Shi kuwa ƙarfen tokari sai ya ratsa kaurin katifa kafin ya iso gare ka. In katifar na da kauri da tauri, tudun zai baje ya ɓace. In mai kwanciya ta gefe ne kai, ko mai yawan juyi, da ka gusa kaɗan ya bar inda aka saita shi. Ya fi yi wa mai daɗewa kishingiɗe a gado amfani, kamar majinyaci ko mai karatu. Dole kuma katifar ta zama mai lanƙwasuwa, ta soso ko makamanciyarta, don mai sifirin da aka ɗaure da ƙarfe a gefe ba za ta bi gadon ba. Kada kuma ka ɗauka katifa mafi tauri ita ce mafi kyau. Wani gwaji da aka yi a Sifen kan mutum 313, aka buga a mujallar Lancet a 2003, ya nuna mai matsakaicin tauri ta fi taimakon masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu.

Idan ka saya, ka duba takardar da ke manne jikin injin. Yawanci za ka ga an rubuta minti 2 na aiki, minti 18 na hutu. Ba a yi su don yawan hawa da sauka ba, kuma yara na son mayar da rimot abin wasa, ga haɗarin yatsa ko dabbar gida a ƙarƙashin gado yana sauka. Ka nemi mai makullin madanni, ka tabbata waya ba ta bi ta inda ƙarafa ke haɗuwa ba, sannan ka tambaya ko yana da batirin saukewa in wuta ta ɗauke gadon na ɗage. Da yawa batir 2 masu bolt 9 suke ɗauka.

Kafin duk wannan, ga gwajin da nake so ka yi. Naɗe tawul ya yi kaurin santimita 4 zuwa 5 in an danne shi, ka sa a ramin ƙugunka a ofis da mota tsawon mako 2. Da dare ka sa matashi ƙarƙashin gwiwa. In tawul ya kawo sauƙi, kujera mai hanya 4 za ta yi maka, kuma ita zan fara saya tunda a zaune ciwonka ke tashi. In tawul ya ƙara maka zafi, ka dakata, domin akwai masu matsewar hanyar jijiyoyi a ƙashin baya, waɗanda bankarewa ke tsananta musu ciwo, sunkuyawa ke ba su sauƙi, kuma wannan ya fi yawa daga shekara 50 zuwa sama.

Ciwon shekara 3 ya isa a kai wa likita ko ma'aikacin gashin ƙashi ya duba, Malam. In kuwa ka ji ƙafa na mutuwa ko tana rasa ƙarfi, ko tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi, ko fitsari da bayan gida sun fara kuɓuce maka ko fitsarin ya ƙi fita, ka tafi asibiti a ranar. Haka in ciwon ya zo da zazzaɓi ko rama ba dalili, kada ka jinkirta ganin likita.