Mahaifiyata Ta Fara WhatsApp, Hankalina Ya Ƙi Kwanciya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na saya wa mahaifiyata babbar waya don mu riƙa gaisawa, tunda muna nesa da juna. Ta haura shekara 70. Ina tsoron kada a cuce ta, amma yayana ya ce ba ta da asusun banki a wayar, don haka babu abin sata. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Gaisawar ba ita ce mai wuya ba. Ki bar batun rubutu, ki koya mata saƙon murya da kiran bidiyo, ɗaya a kowane zama, wayar kuma tana hannunta ba naki ba. Ki ƙara girman rubutu, ki maƙala hirarki da ta 'yan'uwanki a sama (uku manhajar ke bari), ki kashe sauke bidiyo kai tsaye don kada data ta ƙare a banza. Idan saƙonta yana katsewa, yatsa ne ke zamewa daga alamar makirufo. Ta danna ta ja sama, zai kulle, ta yi magana hannu sake.

Maganar yayanki ce ta dame ni, don kullum sai an zo mana da ita, galibi bayan aikin gama ya gama. Ɗan damfara ba kuɗin Hajiya yake nema ba, sunanta yake nema. Zai sa lambarta a WhatsApp ɗin wayarsa, kamfanin ya turo lambobi 6 ta tes zuwa layinta. Sai ya kira da ladabi, "Mama, taron dangi za a yi ta waya, karanto min lambar shiga," ko ya ce kuskure ya yi ya tura mata. Tana karantawa, asusunta na WhatsApp ya koma hannunsa, na wayarta ya rufe. Duk zauren hira (group) da take ciki yana ciki, da sunanta da hotonta. Daga nan sai saƙo ya iso gare ku: tana asibiti, a turo kuɗi ta wannan asusun. Wane ɗa ne zai tsaya bincike? Kuɗinku ne za su tafi, ba nata ba.

Haushin shi ne, dangi sun fi ƙwazo wajen tura mata jita-jitar cewa wata lamba tana kisa idan an ɗaga. Wannan ƙarya ce, amma ita ake yaɗawa, ainihin haɗarin kuma ba mai faɗa mata.

Ki shiga saitunan asusunta na WhatsApp ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Lambar sirri ce mai lambobi 6 da ke za ki zaɓa, ki haɗa da imel ɗinki. Kada mai gyaran waya ya yi muku wannan. Wasunsu imel ɗinsu suke sawa, ranar da aka nemi su a rasa. A sashen sirri, ki hana baƙuwar lamba saka ta a zaure, ki kuma rufe ƙarar kiran baƙi. Sai dai wannan kiran WhatsApp kawai yake tarewa, ba kiran layi ba. Shi ya sa dole ta haddace: lambar da ta shigo ta tes ba a karanta wa kowa, ko da ya ce ke ce. Ku ma duk saƙon neman kuɗi da sunanta, ku kira layinta ku ji muryarta.

Idan har an ƙwace, ki sake rajista da lambarta, ki shigar da sabuwar lambar da za a turo. Nan take ɓarawon zai fita. In ya riga ya sa tasa lambar sirrin, sai an jira kwana 7 kafin ta shiga, amma shi ma yana waje. Kafin lokacin, ki bi dangi da kira ɗaya bayan ɗaya, kada kowa ya tura ko sisi.