Ni Kunama, Shi Zaki: Shin Taurari Sun San Halinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An haife ni 5 ga Nuwamba, wai burujina Kunama ne. Duk abin da na karanta a intanet game da 'yan Kunama sai in ga kamar ni aka zauna aka siffanta: zurfin ciki, kishi, riƙo. Wanda zan aura kuma Zaki ne, an ce ba ma jituwa. Abin ya tsaya mini a rai. In ba gaskiya ba ne, me ya sa ya dace da ni haka?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki. Dacewar da kika gani tana da dalili, amma dalilin ba daga sama yake ba.

A 1948 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwajin hali, sannan ya miƙa wa kowa takarda, ya ce sakamakonsa ne shi kaɗai. A ciki akwai maganganu irin su: kana son mutane su so ka, kana yawan ganin laifin kanka, wani lokaci ka saki jiki da jama'a, wani lokacin ka kame. Ya ce su ba takardar maki daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin ya haura 4. Ashe takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma daga wani littafin taurari na kasuwa ya tsinto yawancin jimlolin. Wane ne bai taɓa kishi ba? Wace ce ba ta da abin da ta ɓoye a ciki? Zuciya tana cafke abin da ya dace da ita, wanda bai dace ba ta wuce shi ko waiwaye babu. Da kika yarda ke mai riƙo ce, duk ranar da kika ƙi yafiya sai ki ce ga shi nan, ranakun da kika yafe kuwa ba ki lissafa su.

Su kansu masu sana'ar duban taurari an jarraba su. A binciken Shawn Carlson da mujallar Nature ta buga a 1985, an ba su taswirar taurarin haihuwar mutum da bayanin hali guda uku, su zaɓi nasa. Kusan ɗaya cikin uku suka dace, daidai da mai canki-canka.

To daga ina halayen suka fito? Daga labari. Mutanen Babila ne suka raba hanyar rana gida 12 tun kimanin ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Girkawa suka lulluɓe gidajen da tatsuniyoyinsu. Kunamar ita ce ta harbe maharbi Oriyon, kuma an jingina ta da Mirriku, tauraron da suka ba sunan abin bautarsu na yaƙi. Zakin kuwa shi ne wanda jarumin tatsuniyarsu Harkulis ya kashe. Ka ga an samu mai dafi, an samu mai izza. Irin waɗannan siffofi da ke maimaituwa a labaran al'ummomi su masanin halayyar ɗan'adam Carl Jung ya yi nazari a kai, marubuci Joseph Campbell ya faɗaɗa a littafinsa na 1949, mai shirya fim George Lucas kuma bai ɓoye ba cewa ya amfana da shi wajen tsara fim ɗin Star Wars: matashin jarumi, tsoho mai hikima, mugu mai baƙaƙen kaya. Muna ganin kanmu a cikinsu ne don kowannenmu yana da ɗan rabo daga kowanne, kamar yadda yaro kan ji Gizo a jikinsa ranar da ya yi wayo.

Akwai ma wani abu. Saboda layin da duniya take juyawa a kansa yana gocewa a hankali, kusan digiri 1 duk shekara 72, kwanakin burujin sun zame. Ranar 5 ga Nuwamba a wannan zamani rana tana cikin taurarin Ma'auni ne, ba ta iso Kunama ba.

Ta fuskar addini, malamai sun bambanta sanin taurari don gane alƙibla da lokacin shuka, da kuma jingina musu hali ko ƙaddara, wanda hadisi ya yi kashedi a kansa. Ki tuntuɓi malamin da kika amince da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne ki shiga aure kin riga kin yanke wa bawan Allah hukunci, ko tari ya yi ki ce girman kan Zaki ne. Ki duba abin da ido ke gani: yadda yake magana da mahaifiyarsa, yadda yake idan ransa ya ɓaci, ko yana cika alkawari, ko yana iya cewa ki yi haƙuri. Ki sa manyanki su bincika shi a unguwarsu da wajen aikinsa, ki yi istihara. Allah ya zaɓa miki mafi alheri.