Tambaya da Amsa: Gidan Hayar Kwana-Kwana da Manajan da Ke Riƙe da Shi

Assalamu alaikum. Ina da fulat mai ɗaki biyu a Jahi, Abuja, ni kuwa a Kano nake zaune. Wani kamfani ya ce in ba shi ya riƙa saukar da baƙi na kwana-kwana, abin da ake ce wa shotlet, shi ya ɗauki kashi 20 cikin ɗari. Anya bai yi yawa ba? Dillalin hayar shekara ai kashi 10 yake karɓa. (Mai karatu, Kano)

Wa alaikumus salam, Alhaji. Bai yi yawa ba. A wannan harka la'adar manaja takan faɗo tsakanin kashi 15 zuwa 25, don aikin ba ɗaya ba ne. Dillalin hayar shekara sau ɗaya yake kawo mutum ya tafi abinsa. Manajan shotlet kuwa shi ne mai talla, mai ɗaukar waya da tsakar dare, mai sa a share a wanke duk sanda baƙo ya tashi. Abin tambaya shi ne: kashi 20 na wane kuɗi?

Mu ɗauka, a misali kawai, kwana ɗaya naira 80,000 ne, gidan ya samu kwana 15 a wata. Kuɗin da ya shigo miliyan 1 da dubu 200. Wuta, man janareta, intanet, wanki, shara da kuɗin hidimar rukunin gidaje suka ci dubu 400. In daga jimillar kuɗin zai cire nasa, ya ɗauki dubu 240, kai ka tashi da dubu 560. In sai an fitar da ɗawainiya tukuna, nasa dubu 160 ne, naka dubu 640. Tazarar dubu 80 ce duk wata, kusan miliyan guda a shekara. Kada wannan ya sa ka yi wuf ka zaɓi na biyu. Manajan da ribarsa ke raguwa duk sanda aka yi gyara yakan ja ƙafa wajen kiran mai gyaran esi, sai gida ya lalace a hankali. Mu mun fi son a cire kason manhajar talla (wato shafin intanet da baƙi ke kama gida ta cikinsa, irin su Airbnb da Booking.com) da kuɗin shara kaɗai, a lissafa la'adarsa a kan abin da ya rage, sannan a ɗaure masa hannu wajen kashewa: duk gyaran da ya haura, a ce, dubu 50, sai ya turo hoto da farashi ka amince.

Sauran abin da ya kamata lauyanka ya sa a takarda: ranar da lissafi zai iso maka kowane wata tare da rasit, kwanakin da kai da iyalinka za ku sauka ba tare da la'ada ba, da sanarwar kwana 30 ko 60 kafin a rabu, haɗe da makomar baƙin da suka riga suka biya.

Sai babbar magana, wadda masu gida suka fi sakaci da ita. Shafin gidan a Airbnb ko Booking.com, a buɗe shi da sunanka, ka shigar da manaja a matsayin mataimaki. Yabon da baƙi ke rubutawa a Airbnb ba ya tashi daga wannan asusu ya koma wani. In da sunan kamfanin aka buɗe, ranar da kuka ɓata zai tafi da sunan da gidanka ya yi, kai ka koma farawa daga tushe. Hotunan gidan ma kai ka biya mai hoto, su zama naka.

Kafin ka sa hannu, duba rajistar kamfanin a shafin hukumar CAC, ka nemi ya haɗa ka da masu gida biyu da yake yi wa aiki. Ka kuma tambayi shugabannin rukunin gidajenku, don akwai waɗanda suka hana shotlet kwata-kwata. Kar ka zuba kujeru da labule na miliyoyi sannan maigadi ya tare baƙonka na farko a get.

Manajana kullum cewa yake babu kasuwa, kwana 8 ko 9 kacal a wata. Amma maƙwabciya ta ce mini kusan kullum da mota a ƙofar gidan. Yaya zan gane gaskiya ba tare da na ɗau alhakinsa ba? (Mai karatu, Kaduna)

Hajiya, kin yi daidai da ba ki fara da zargi ba. Kasuwar tana da lokaci: takan yi sanyi a watan azumi da bayan sabuwar shekara, ta tashi lokacin bukukuwan aure, manyan taruka da watan Disamba. Amma saukar da baƙo a bayan fage, a karɓi kuɗi a hannu ba a rubuta ba, tsohuwar cuta ce a wannan sana'a, kuma ganowa ba wuya.

Fara da mitar wuta. Gidan da ba kowa, firji da na'urar intanet kaɗai ke aiki, da wuya ya wuce yunit 3 a rana. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan sama da yunit ɗaya a awa, don haka gida mai esi uku da baƙi a ciki yakan sha yunit 25 zuwa 40. Ki ce a riƙa turo miki hoton mita duk Litinin, ki gwada da kwanakin da aka ce an yi baƙi. In an ce kwana 8 amma yunit 600 sun tafi, akwai magana. Haka rasit ɗin mai wanki: zanin gado ba ya datti shi kaɗai. Littafin maigadi shi ma shaida ne.

Maganin dindindin kuwa, ki sa makullin lamba mai nuna miki a waya lokacin da aka buɗe ƙofa, kowane baƙo da lambarsa da ke mutuwa ranar tashinsa. Kyamara ɗaya a waje tana kallon ƙofa ta isa, kuma a sanar da baƙi. Cikin gida kam a'a: cin amana ne, kuma Airbnb ta haramta kyamarar cikin gida tun ƙarshen Afrilun 2024. Daga nan duk kuɗin baƙi ya shiga asusunki, ke ki biya manaja la'adarsa. Mai gaskiya ba zai ƙi wannan tsari ba.

Kuɗin wuta na neman cinye ribar. In ce baƙi su riƙa sayen katinsu? (Mai karatu, Gwarinpa)

Ga mai kwana biyu ko uku, a'a. Ya biya ne don kada ya ji wannan ciwon kai, kuma ranar da wuta ta yanke masa ƙarfe biyu na dare zai rubuta a shafinka kowa ya gani. Saka kuɗin cikin farashi. Ga mai sati biyu zuwa wata, a ba shi yunit 20 ko 25 a rana kyauta, abin da ya haura ya saya, a faɗa masa tun kafin ya biya.

Tun da aka ɗaga farashin wutar rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, a Afrilun 2024 ya haura naira 200 kowane yunit, esi uku a kunne na iya cin dubu 8 a yini. Baƙi kuma fita suke su bar su a kunne. Ka sa irin makunnin otal da sai an zura kati wuta ke zuwa ga esi, ka bar firji a layinsa daban. Hitar ruwa a sa mata agogon kashe kai. A wanke matatar esi duk wata, lokacin hunturu duk sati biyu saboda ƙura, in ba haka ba sanyi ya ragu, wuta ta ƙaru. Inbata kuwa a ɗora mata fitilu, fanka, talabijin da intanet kawai. Esi da hita ne ke kashe batir cikin 'yan watanni. Janareta ya zauna a fili nesa da taga, don hayaƙinsa yana kisa cikin barci.

Wasu matasa sun kama gidan kwana ɗaya suka yi casu, suka ƙona kujera da garwashin shisha. Manaja ya ce ba ruwansa. Wa zai biya? (Mai karatu, Legas)

In ya karɓi kuɗin ajiya na ɓarna, daga ciki za a cire. In bai karɓa ba alhali yarjejeniya ta ce ya karɓa, shi zai biya. In yarjejeniya ta yi shiru, sai haƙuri, ta faɗa kanka. Nan gaba: kada a ba da ƙasa da kwana biyu a ƙarshen mako, a karɓi katin shaida na wanda zai kwana, a ƙayyade mutum huɗu ga ɗaki biyu, kuɗin ajiya kuma ya kai na kwana ɗaya aƙalla. Mai shara ta ɗauki bidiyon kowane ɗaki kafin shiga da bayan fita, ta ƙirga tawul, cokula da rimot a kan takardar kaya, a mayar wa baƙo ajiyarsa cikin awa 48 in komai lafiya. Ta Airbnb suka zo? To kwana 14 ne wa'adin shigar da ƙorafin ɓarna bayan tashinsu, kuma sai da hotuna da rasit ɗin gyara.