Amsa ga 'yar uwar da inhela ke sa wa bugun zuciya

Wallahi 'yar uwa da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru. Kin ce kina da asma, kullum sai kin shaƙi shuɗiyar inhela, wato Ventolin, sau uku ko huɗu, hannunki na karkarwa, zuciya na dukan uku-uku, a gida kuma ana ta ce miki ki daina kar ta zame miki jiki. Haka nake sak, shekara shida da suka wuce.

Karkarwar da bugun zuciyar aikin salbutamol ne, maganin da ke cikin Ventolin ɗin. Cikin minti biyar haka yake buɗe hanyoyin iska, ya yi awa huɗu zuwa shida yana aiki, kuma yawanci karkarwar takan lafa da kanta. Ba ita ta tayar min da hankali ba. Sau huɗun nan a kullum, shi ne abin tsoro.

Ni wani mai kemis ne a unguwarmu ya kusa kai ni kushewa, Allah Ya isa tsakanina da shi. Ya ce min inhela ta waɗanda ciwonsu ya ci ƙarfinsu ce, ya riƙa ƙulla min wasu ƙananan ƙwayoyi farare a leda, ba suna ba komai. Shekara biyu ina sha. Fuskata ta kumbura, 'yan uwa na cewa aure ya karɓe ni, ashe ƙwayar dexamethasone ce, magani mai ƙarfi da ke kumbura fuska in an daɗe ana sha, har suga na ya hau. Da ƙwayar ta kasa kuma shi ne dai ya koma sayar min da inhelar da ya kushe, duk wata gwangwani guda, bai taɓa cewa Hajiya je ki ga likita ba. Ko sau ɗaya. Kuɗinsa kawai yake ƙirgawa. Har yau in na bi ta ƙofar shagon nan sai raina ya ɓaci.

Daren da ba zan manta ba, tsakiyar hunturu ne, wajen ƙarfe biyu, ba wuta, an kunna igiyar leƙo saboda sauro. Na farka ƙirjina kamar an ɗora buhu. Na danna inhela, na sake dannawa, tana feshi amma ba magani a ciki, ya ƙare ban sani ba. Innalillahi ma na kasa kai ta ƙarshe. Maigida ya fita ba takalmi yana neman a-daidaita, 'yata 'yar shekara biyar tana riƙe da zanina tana kuka, ni kuma ina kallonta ina tunanin wa zai riƙe min ita. Sai da aka sa min iskar oksijin da nebulaiza, na'urar da ke mayar da magani kamar tururi ana shaƙa, a asibiti na dawo hayyacina.

Washegari likita ya tambaye ni gwangwani nawa nake shanyewa a shekara. Na ce sha biyu. Ya ajiye bironsa ya kalle ni. Ya ce kowane gwangwani feshi 200 ne, kuma wanda ya kai gwangwani uku a shekara ma ya shiga haɗari. Ita shuɗiyar inhelar, ƙofa kawai take buɗewa, kumburin da ke cikin hanyoyin iska yana nan yana ƙaruwa. Shi ya sa tun 2019 masana asma na duniya suka daina ba da shawarar babba ya dogara da ita kaɗai. Ya ɗora ni a kan ta rigakafi, mai ruwan ƙasa, beclometasone, safe da dare ko ina lafiya. Ki riƙa kurkure baki bayan ta, ni da na yi sakaci sai da farin abu ya fito min a harshe.

Don Allah kar ki biye wa masu cewa ki jefar da inhela. Ba ta zama jaraba, ciwon ne ba a danne shi ba. Ki sa ta a jaka ko gidan biki za ki. Kuma ki sa ma'aikaciyar jinya ta kalli yadda kike shaƙa, ni shekaru ina fesa wa harshena ban sani ba. Ki girgiza, ki fitar da numfashi, ki danna kina ja a hankali, ki riƙe kamar daƙiƙa goma. Af, turaren wuta kuma, na san da wuya a gidan mace, ni har faɗa muka yi da ƙanwar maigida a kansa, amma na daina kunna shi. Ki kula da aspirin da diclofenac ma, suna tayar wa wasu da asma.

In kin shaƙa har feshi goma ɗaya bayan ɗaya ba sauƙi, ko kin kasa ƙarasa magana, ko leɓe ya fara canja launi, asibiti kai tsaye, kar ki jira gari ya waye. Ki je ki ga likita cikin satin nan 'yar uwa, ki faɗa masa bugun zuciyar, ki tafi da duk ƙwayoyin da kike sha. Gwangwani nawa kika shanye daga farkon shekara zuwa yau? Ki ƙirga ki faɗa masa gaskiya. Allah Ya ba mu lafiya.