Yaya zan dawo da asalin kalar Peugeot 504 ta mahaifina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Peugeot 504 salun, haɗin Kaduna, shuɗiya mai haske. An gyara inji, mai gyaran jiki ya gama nasa, saura fenti. Mai fenti ya haɗa kala da ido yana kallon rufin motar, ya fesa ƙofa ɗaya, sai ta fito kamar daga wata motar aka ciro ta. Ta yaya zan samu kalar da ta baro kamfani da ita? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba, ya saka maka da alheri da ka ƙi barin motar ta ruɓe a bayan gida. Ita 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna kuma ya soma haɗa motoci a 1975, ya ci gaba da yin ta shekaru da yawa bayan Turawa sun daina. Ka ga ke nan fentin da ke jikinta ya sha ranar shekaru masu yawa, kuma nan matsalarka ta faro. Rufi da bonet su ne rana ta fi ci. Abin da mai fentinka ya kalla ba kalar kamfani ba ce, ragowarta ce bayan ta koɗe.

Fara da neman lambar fenti. Buɗe bonet, ka wanke maiƙon da ke bangon gidan inji, ka duba can da jikin ƙananan farantan ƙarfe da aka maƙala. Idan ka same ta, manyan masu sayar da fentin mota suna iya nemo tsarin haɗinta a kwamfuta. Amma kada ka saki jiki da lamba kaɗai. Sinadaran launi na wancan zamani, musamman masu darma a ciki, an daina amfani da da yawa daga cikinsu, don haka haɗin yau kusantar na da yake yi, ba ya zama shi sak.

Shaidar da na fi yarda da ita tana ɓoye a jikin motar. Ɗaga kafet, cire robar bakin ƙofa, leƙa cikin but, ko ka kwance kwalin cikin ƙofa. Wuraren nan rana ba ta taɓa ganinsu ba. Zaɓi wuri mai faɗin tafin hannu, ka wanke, ka murza shi da man goge fenti har ya yi sheƙi. Sau da yawa mutum yakan tsaya yana mamaki, don shuɗin da zai bayyana ya fi na waje zurfi nesa ba kusa ba. Ka lura kuma ko an taɓa sake wa motar fenti: idan ka ga feshi ya hau kan roba ko kan wayoyi, wani ya riga ka, sai ka nemi wurin da hannunsa bai kai ba. In akwai shagon da ke da na'urar karanta launi, wannan wurin za su ɗora ta. In babu, gogaggen ido ma yana yi, muddin abin da ya dace yake kallo.

Daga nan sai gwaji, kuma a nan nake roƙonka ka yi haƙuri, kada ka bari a yi maka gaggawa. Ba a gwada kala a jikin mota, ba a kuma yanke hukunci da abin da ke cikin gwangwani, don fenti yana sauya fuska idan ya bushe. A samo gutsuren ƙarfe, a yi masa irin shimfiɗar farko da za a yi wa motar, a fesa da bindigar da za a yi aikin da ita, a bar shi ya bushe sarai. Sannan ka kara shi da wancan ɓoyayyen wuri a hasken rana da hantsi, ka sake dubawa a inuwa, ka karkata shi ka kalla ta gefe. Akwai haɗin da zai dace a ƙarƙashin fitilar gareji, a fito da shi rana ya tona asiri. In bai yi ba, a ƙara ɗigo kaɗan a sake fesawa, ko da sau biyar ne. Wanda ya dace, a rubuta awonsa da giram ka adana, don ranar da wani zai goge maka ƙofa.

Sheƙi ma yana cikin lissafi. Yawancin kaloli marasa ƙyalƙyali na lokacin fenti ɗaya ne mai ɗauke da sheƙinsa, ba a bin sa da kiliya, wato fentin nan marar launi da ake fesawa a sama don sheƙi. In aka yi mata irin na motocin yau, kala a ƙasa kiliya a sama, za ta yi kyau, amma wanda ya san 504 zai ga ta yi walƙiya fiye da kima. Ni dai fenti ɗaya zan zaɓa.

Tunda asali kake nema, a fesa motar gaba ɗaya. Sabuwar ƙofa mai kalar kamfani a gefen koɗaɗɗen jiki ba za su taɓa jituwa ba. Kafin nan a jiƙa tsumma da tina, wato ruwan tsinka fenti, a goga a wani lungu. In tsohon fentin ya narke ya biyo tsumman, dole a kankare shi ko a rufe shi da shimfiɗar kariya, in ba haka ba sabon zai tattare. Mai kankarewa da mai feshi su sa abin rufe hanci na gaske mai matata, saboda darmar tsohon fenti da gubar sinadarin busarwa. Kuma in ba ɗakin feshi rufaffe gare ku ba, ku jira ƙurar hunturu ta wuce.