Tambayoyin Masu Karatu: Bindigar Faretin da Baba Ya Bari

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Bayan rasuwar mahaifinmu, wanda tsohon soja ne, muna gyara ɗakinsa sai muka tarar da wata tsohuwar bindiga naɗe cikin bargo a bayan akwati. An zagaye gindinta da farin fenti, an buga haruffan DP a jikin ƙarfenta, bakinta kuma a toshe yake. Wani mai walda a unguwarmu ya ce zai iya buɗe ta, mu riƙa harba ta sama ranar sallah da harsashin da babu kai, don tunawa da Baba. Ina neman shawararka. Daga mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa aljanna ce makomarsa. Tun kafin in shiga bayani, ina roƙonka kada ka bari mai waldan nan ya taɓa ta.

Bisa kwatancenka, ina kyautata zaton Lee-Enfield ce ta Ingila, wadda ake ce wa Mak 4 a ƙasar nan, mai cin harsashi goma na .303. Da dangin wannan bindiga kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 suka yi yaƙi a ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu. Da sojoji suka koma amfani da bindigogi masu sarrafa kansu irin su FN da G3, sai tsofaffin suka rage a hannun 'yan sanda da ɗakunan ajiya.

Haruffan DP da ka gani hukunci ne. Ma'anarsu ita ce mai kula da makamai ya duba bindigar ya yanke cewa ba za a sake harba ta ba har abada, sai dai a koyi fareti da ita. Sau da yawa dalilin shi ne ƙarfen ya lalace, ko ya yi tsagar da ido ba ya gani. Wasu akan yanke musu allurar da ke dukan harsashi, wasu a cusa sandar ƙarfe cikin bututun a walde ta. A nan haɗarin yake, domin zafin walda yana kashe taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta, kuma ko an cire toshiyar an goge wurin ya yi ƙyalli, taurin ba ya dawowa. Ranar da albarushi ya tashi a cikinta, ƙarfen da zai tarwatse yana daf da idon mai harbi ne, ga kuma yara sun kewaye shi suna kallo, kamar yadda muka san taron sallah.

Shi ma harsashin da babu kai yana kisa. A Amurka, a 1984, ɗan wasan talabijin Jon-Erik Hexum ya ɗora bindiga a kansa da irin wannan harsashi, ƙarfin iskar kaɗai ya fasa masa ƙashin kai ya mutu. A 1993 kuma ɗan wasan fim Brandon Lee ya rasa ransa saboda wani kan harsashi da ya maƙale a bututu, albarushin ya ingizo shi waje. Harbin ban girman da kake gani a Abuja kowace 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, horarrun sojoji ne ke yin sa da lafiyayyun bindigogi, bisa umarnin kwamanda, nesa da jama'a.

Sai maganar doka. Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar soja mai harsashin .303 cikin makaman da aka haramta wa kowa riƙewa sai da izinin Shugaban Ƙasa. Ba ajinsu ɗaya da bindigar toka ta 'yan bindigar sarki ba. A garin da ya sha tashin hankali kamar Jos, jami'in da ya tarar da ita a gidanku ba zai tsaya karanta haruffa ba.

Saboda haka ku bar ta inda take, kada kowa ya ja kunamarta, kada kuma ka ɗauko ta a kan babur. Ka ɗauki hotonta domin tarihin gida, sannan ka tafi ofishin 'yan sanda tare da mai unguwa ko wani dattijo cikin abokan aikin Baba, riƙe da takardar sallamarsa daga soja. Su zo su ɗauke ta da kansu, ka kuma tabbatar sun ba ka takardar shaidar karɓa mai ɗauke da lambar bindigar.