Tambaya da Amsa: Yayana Ya Rufe Kansa a Ɗaki Tun da Aka Ce Kansar Harshe Ce

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ina rubuto muku ne daga Aboabo, a nan Kumasi. Yayana tela ne, shekarunsa 54, kuma shi ne uba a gare mu tun rasuwar mahaifinmu. Wata huɗu da suka wuce wani gyambo ya fito masa a gefen harshe, muka ɗauka cizon haƙori ne, sai kuma kaluluwa ta taso masa a wuya, ba ta zafi, ba ta kuma sauka. Da aka yanki ɗan naman wurin aka gwada a asibitin Gee, wato asibitin koyarwa na Komfo Anokye, likita ya ce kansa ce, za a yi masa tiyata sannan a bi da gashi, wato ƙona ƙwayoyin cutar da hasken na'ura. Tun ranar ya kulle shagonsa, ya daina fita jam'i, kuma duk wanda ya ba shi haƙuri sai ya ce, "Ba ku san abin da nake ji ba." Wata nas ta ce mini da zai samu wanda ya taɓa irin wannan ciwon su zauna, da ya samu sauƙin zuciya. Ni kuwa ina tsoron kada ya ga wanda aka yanke wa harshe ya ƙara karaya. Shin akwai amfani a hakan, kuma ta ina zan fara? Sannan wasu a gidanmu sun ware masa kofi da cokali. Ana ɗaukar ciwon ne?

Ƙanwar majinyaci, Aboabo

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ce, ke kuma ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi.

Bari in fara da kofin, domin shi ne abin da za a iya gyarawa yau ɗin nan. Cutar daji ba ta bin kofi, ba ta bin cokali, ba ta bin kwanon da aka ci tare ko butar alwala. Ku mayar masa da kofinsa cikin na jama'a, kuma ku yi hakan a gabansa. Yawancin kansar baki tana da alaƙa da taba, ta sha ko ta gari da ake cusawa a dasashi, da kuma giya, amma akwai waɗanda suka kamu ba su taɓa kusantar ko ɗaya ba, saboda haka kada kowa ya tsaya binciken abin da ya jawo wa kansa. Ba shi kaɗai ba ne kuma: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum kusan 390,000 ne aka gano suna da kansar leɓe da ta cikin baki.

Nas ɗin nan ta faɗa miki gaskiya, kuma Yaya ma gaskiya ya faɗa. Ba ku san abin da yake ji ba, duk da irin son da kuke yi masa. Wannan ciwo ya zauna ne a daidai wurin da mutum yake ci, yake magana, yake karatun sallah, kuma a fuskar da yake tarar jama'a da ita. A zango kuwa rayuwar namiji duka a nan take: gaisawa a ƙofar masallaci, hira a bakin shago, sa hannu a kwano ɗaya da abokai. Wanda yake jin bakinsa ya fara wari, harshensa ya yi nauyi, yana kuma tunanin ko zai sake furta Fatiha daidai bayan tiyata, kalmar "sannu" ba ta kai inda damuwarsa take. Likita zai gaya masa abin da za a yi masa. Yadda mutum yake wayar gari a mako na huɗu na gashi kuwa, da abin da yake iya haɗiyewa a ranar, sai wanda ya kwana a cikin abin.

Na ga wannan da idona lokacin da nake raka kawuna gashi. A mako na uku bakinsa ya yi ja ya sassaɓe, yawunsa ya yi kauri, tuwo ya daina yi masa ɗanɗano, sai ya ce mana a kan bencin jira cewa daga yau ya gama, maganin nan ya fi ciwon ciwo. Wani dattijo direba da ya zo a duba shi, shekara guda bayan ya gama nasa, yana zaune kusa da mu da gorar ruwa a hannu, yana kurɓa kaɗan-kaɗan. Ya matso ya ce, "Malam, mako na nawa kake?" Kawu ya ɗaga yatsa uku. Dattijon ya ce, "To, yanzu ne komai ya koma maka kamar kana tauna kwali. Zai ƙaru, ba zan ɓoye maka ba, har bayan an gama da kamar mako biyu, sannan ya fara sauka. Ni koko ne abin da na fara jin daɗinsa, wata biyu bayan nan." Ya buɗe baki ya nuna masa inda aka yi aikin, ya ja wuyan rigarsa ya nuna masa fatar da ta yi duhu ta warke. Kawu bai ce komai ba, amma washegari shi ya riga ni shiryawa.

Abin da dattijon nan ya yi ya shafi shi kansa maganin, domin gashin da ake yi wa kai da wuya ana yin sa ne kullum, Litinin zuwa Juma'a, na tsawon mako shida zuwa bakwai, wato zama 30 zuwa 35, kuma duk kwanakin da aka tsallake suna ba ragowar ƙwayoyin cutar damar sake yaɗuwa. Idan an yi tiyata, likitoci suna son a fara gashin cikin kimanin mako shida bayanta. Wahalar takan fara ne daga mako na biyu ko na uku, daidai lokacin da mutum yake ganin kamar ana ƙara masa ciwo ne, kuma a nan ne wasu suke gudu. Wanda aka riga aka gaya masa cewa wannan gaɓa tana zuwa, kuma ya ga mai rai a gabansa da ya haye ta, ya fi iya daurewa.

Akwai kuma ƙananan abubuwa masu yawa da ɗan'uwa a ciwo yake sauƙaƙawa. Kafin a fara gashi za a ɗumama wata roba mai raga-raga a ɗora masa a fuska har ta ɗauki siffarsa, ita ce za ta riƙe kansa a wuri ɗaya a kowane zama, kuma mutane da yawa sukan firgita a ranar farko. Wanda ya saba zai gaya masa cewa ana numfashi ta ciki lafiya lau, mintoci ne kaɗan, kuma hasken na'urar ba a jin zafinsa a lokacin. Za a tura shi wurin likitan haƙori a cire waɗanda suka lalace tun kafin gashi, domin ƙashin muƙamuƙin da aka gasa ba ya saurin warkewa idan aka cire haƙori daga baya. Bayan tiyata ana iya sa masa robar abinci ta hanci na wani lokaci, abin da mutanenmu suke ɗauka alamar ƙarshe ce, alhali hanya ce ta kare jiki daga ramewa har ɗinki ya kama. Su ne kuma suka san girkinmu: kokon da ba a sa masa citta da barkono ba, an bar shi ya huce an zuba madara, tuwo mai laushi da aka dama cikin miyar kuɓewa ko ayoyo har ya zama abin sha, ƙwai da kifi da aka markaɗa a ciki, fura da aka tace. Ma'aikatan asibiti sukan ba da shawarar kurkure baki sau da yawa a rana da ruwan da aka sa wa ɗan gishiri da bekin soda, kuma ki lura, kanwa ba ta maye gurbinsa.

Tsoronki yana da tushe, kuma maganinsa shi ne zaɓen mutumin. A nemi wanda ya gama magani da kamar shekara guda, wanda aka yi masa aiki makamancin wanda za a yi wa Yaya, namiji kamarsa, mai jin Hausa, wanda hankalinsa ya kwanta har yana iya saurare fiye da yadda yake zuba labarin kansa. A Amurka akwai wata ƙungiya mai suna SPOHNC, wadda wata mata da ta warke daga kansar baki, Nancy Leupold, ta kafa a 1991, kuma aikinta ke nan: haɗa sabon majinyaci da wanda ya bi irin hanyarsa. A nan Kumasi ma mun ga yadda Breast Care International, wadda Dakta Beatrice Wiafe Addai ta kafa a 2002, take sa matan da suka warke daga kansar mama su tsaya gaban jama'a su yi magana, abin da ya sa mata da dama suka yarda da asibiti. Ganin tabo a wuyan mutumin da yake tuƙa motarsa yana ciyar da iyalinsa ya bambanta ƙwarai da ganin majinyaci a gadon asibiti, shi ya sa ba na son haɗuwar farko ta kasance a ɗakin kwantar da majinyata.

Ki fara daga nas ɗin da ta ba ki shawarar. Asibiti ba zai ba ki lambar wani majinyaci ba, domin sirrinsa amana ce, amma kina iya barin taki lambar, ki roƙe ta ta tambayi ɗaya daga cikin waɗanda suke dawowa dubiya ko zai yarda ya kira. Ki yi irin wannan roƙo a sashen cutar daji, da sashen tiyatar baki da muƙamuƙi, da na kunne, hanci da maƙogwaro. Sai dai kafin duk wannan, ki nemi izinin Yaya. Babba ne a gidanku, kuma ciwo ya riga ya ƙwace masa abubuwa da yawa, kada a ƙara da shigo masa da baƙo ba da saninsa ba. Ki ce masa, "Yaya, akwai wani bawan Allah da aka yi masa irin aikin da za a yi maka, in kana so ku gaisa ta waya." Idan ya ƙi, ki bar maganar, ki ajiye masa lambar, domin sau da yawa sai dare ya yi tambayoyi suke taso wa mutum. Saƙon WhatsApp, da boko ko da ajami, yana da amfani sosai a makonnin da magana za ta yi masa wuya.

Dole in ja miki kunne a kan abu ɗaya, kuma a nan nake da zafi. Ɗan'uwa a ciwo ba likita ba ne. Duk wanda ya ce a bar asibiti a koma kan wani sassaƙe, ko a jinkirta tiyata har a gwada wani magani na wata uku, ko ya zo da kwalba yana faɗin kuɗinta, to a sallame shi da mutunci. Kansar harshe tana da saurin tafiya, kuma tun da ta kai kaluluwar wuya, makonni ma suna da daraja. Addu'a da sadaka da karatun Alƙur'ani suna tafiya tare da magani ba tare da wani karo ba, amma duk abin da za a sha ko a shafa, har man kaɗanya a fatar da ake gasawa, a fara nuna wa ma'aikatan. Haka nan kada Yaya ya auna kansa da kowa, domin matakin ciwon da wurin da ya kama sun bambanta. Idan zumuncin ya yi nisa har masu irin ciwon suka zama su huɗu ko biyar, wata rana za a rasa wani, kuma gara a faɗi gaskiya a yi masa addu'a tare da a ɓoye, domin majinyaci yakan gane.

Ta fuskar kuɗi, katin inshorar lafiya ba ya ɗaukar duk nauyin irin wannan magani, saboda haka ku je ofishin jin daɗin jama'a na asibitin tun yanzu, ku kuma tambaya game da asusun MahamaCares da gwamnati ta kafa a 2025 domin masu cututtuka masu tsanani. Waɗanda suka riga ku sun san takardun da ake nema da inda ake samun magani da rangwame. Ku da kuke Aboabo kuna da sauƙin da mutanen Tamale, Wa da Bawku ba su da shi, waɗanda suke barin gida su tare a Kumasi har a gama gashi, kuma za ki same su a kan benci ɗaya da Yaya, da yawansu suna jin Hausa.

Ki sanar da limamin unguwarku halin da ake ciki, idan Yaya ya amince, domin ya ji daga bakin malami cewa Allah ya ɗauke wa marar lafiya azumi har ya samu sauƙi, kamar yadda ya zo a aya ta 185 ta Suratul Baƙara, kuma karatun da harshe ya iya shi ne abin da aka ɗora masa. Ke ma ki nemi matar ko ƙanwar mutumin da za a haɗa su, ku yi magana, domin mai jinya tana da nata tambayoyin da ba za ta yi a gaban majinyaci ba. Idan mutumin ya yarda zai zo, ki roƙi Yaya ya buɗe shagon ko na awa ɗaya ne, su zauna a can kusa da kekensa, ki ajiye musu ruwa ki ba su wuri.